Ishaya 7:14: budurwa ce ko matashiyar mace?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tunda wata fassara ta ce budurwa a Ishaya 7:14, wata kuma ta ce matashiyar mace, ko an gurɓata annabcin haihuwar Yesu ne? Ba a gurɓata shi ba. Kalmar Ibrananci a wurin ita ce almah, wato yarinyar da ta isa aure. Yahudawan da suka juya littafin zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Almasihu sun sa parthenos, wadda ba ta san namiji ba, wannan kuwa ita Matiyu 1:23 ya ɗauko. Mu Hausa ta hutar da mu, domin budurwa a bakinmu tana ɗaukar ma'anar biyun.

Amma fa kada ka tsinci ayar ita kaɗai. A ajin nazarinmu na Laraba a nan Jos mun yi ta ja-in-ja a kanta, sai da wani dattijo ya sa muka karanta har aya ta 16. Ashe da Sarki Ahaz ake magana, sarakunan Suriya da Isra'ila sun taso masa, aka ba shi alama ta zamaninsa. Ni na gaskata cikarta ta ƙarshe a kan Yesu take, kuma labarin Maryamu a Luka 1:34, inda ita da kanta ta ce ba ta san namiji ba, bai dogara ga kalma ɗaya ba.