Tambayoyin Masu Karatu: Na Ɓoye wa Masu Ƙididdiga Tarwadata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin siminti uku a bayan gidana nan Daura, shekara huɗu ke nan ina kiwon tarwada. Kwanakin baya wasu samari biyu suka yi mini sallama, da kati a wuya da waya a hannu, wai ƙididdiga suke ɗauka: kifi nawa na zuba, buhu nawa suke ci, mutum nawa ke mini aiki. Na ce musu tanki ɗaya ne, kuma ni kaɗai nake yi. Gaskiya haraji na ji wa tsoro. Na yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka yi daidai ba, ɗan'uwa, ko da yake ban ga laifinka sosai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Mai ƙididdiga daban, mai yankar rasit daban. Dokar ƙididdiga ta 2007, wadda ta kafa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta hana a fallasa bayanin mutum ɗaya. Jimla kawai ake fitarwa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka duba katinsu, ka tambayi mai unguwa ko da saninsa suka shigo.

Ƙidayar manoma da hukumar ta yi a 2022, rabon da a yi irinta tun 1993 zuwa 1994. Kusan shekara talatin ana lalube cikin duhu. Jami'an gwamnati sukan ce Najeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. To naka yana cikin lissafin nan? Masuntan madatsar Sabke, da na Jibiya, da na Zobe, kowa na ganinsu da kwale-kwalensu. Tankin da ke bayan katanga kuwa sai mai shi ya faɗa. Ran da za a raba rance ko irin kifi, takarda za a buɗe, a ga Daura ba kowa, a wuce da shi wani gari.

Amma “ni kaɗai” ɗin nan ta fi tsaya mini a rai. Wa ke tashi da asuba ya buɗe bututu ya zubar da ruwan nan mai ƙarni? In ɗanka ne, ko ba ka biyansa sisi, ma'aikaci ne a ƙididdiga, akwai gurbinsa a takardar. In uwargida na yin banda tana sayarwa, sana'a ce. Yaron da kake ɗauka ranar kwashe kifi, na wucin gadi ne, shi ma a faɗa. Har mai suya da ke zama da farantinsa da yaji a bakin tasha bayan magariba, daga tankinka yake ci.

Ni ma na taɓa kiwo a tamfol a Katsina. Zubin farko na riƙa murna na ci riba, sai a na biyu na sayi littafi ɗan sittin, na rataye shi a ƙusa kusa da tamfol ɗin. Duk buhun abinci mai kilo 15 da na farke in rubuta, duk kifin da na tarar ya juya ciki sama da safe in rubuta, haka man janareta. Ashe abinci kaɗai ya lashe kusan biyu cikin uku na kuɗin, kuma manyan sun yi ta haɗiye ƙananan saboda ban ware su da wuri ba. Ribar da nake taƙama da ita, kuɗin jarina nake ci.

Ka sayi irin littafin nan yau. Ran da samarin suka dawo, shimfiɗa musu tabarma a zaure, ka buɗe musu shi, sannan ka zagaya da su su ga tankin nan uku. Lissafin banda kuwa ka bar wa uwargida ta faɗa da bakinta, ta fi ka sanin nawa take samu.