Tsutsa a ƙarƙashin bindin zomo: amsa ga 'yar uwar da ta tambaya

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa kin ɗaga zomon yaranki kin tarar da tsutsotsi a ƙarƙashin bindinsa, kina neman abin yi da yadda za ki kare sauran. Kafin komai, idan har yanzu yana gida, ki kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan, kada ki bari ya kwana. Tsutsar nan nama take ci, kuma a wannan zafin ƙwan ƙuda ba ya kaiwa kwana guda kafin ya ƙyanƙyashe.

Na yi shekaru ina kiwon zomo a bayan gida, kuma na taɓa rasa zomanya ta wannan hanyar. Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin damina ne. Jini da kayan ciki sun cika kwata, koren ƙudan nan mai sheƙi ya mamaye unguwa, ni kuma ina can ina fama da suya, kwana biyu abinci kawai nake miƙa musu in wuce. A rana ta uku na gan ta a lungun keji ta ƙi ci, ga wari. Da na juya ta, abin da na gani har yau yana raina. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba ta kai magariba ba. 'Yata ta yi kuka sosai, don ita ke ba ta karas da hannunta.

Abin da likitan ya fahimtar da ni shi ne ƙuda bai cika sauka a kan zomon da gashinsa yake bushe da tsabta ba. Danshi yake bi, da warin kashi ko fitsari ko rauni. Zomo yana yin kashi iri biyu. Akwai busasshen da muke sharewa, akwai kuma mai laushi a dunƙule wanda yake sunkuyawa ya cinye kai tsaye daga jikinsa, galibi da dare ko da asuba. Wannan halittarsa ce, a nan yake samun wani ɓangare na abin gina jikinsa. To idan ya yi ƙiba har ba ya iya lanƙwasawa, ko haƙoransa sun yi tsawo, ko dusa ta yi masa yawa, sai wannan mai laushin ya manne a gashi. Nan ƙuda ke zuba ƙwai, ƙanana farare a tare wuri guda.

Zomanyar tawa ƙiba ce ta ja mata. Dusa da ragowar tuwo nake tura mata saboda ina son in gan ta ɓul-ɓul. Tun daga lokacin na sauya: mafi yawan abincinsu busasshiyar ciyawa ce da harawa, dusa kuwa ɗan kaɗan. Taunar ciyawa ita ke rage tsawon haƙoransu, domin haƙorin zomo ba ya daina girma har ya mutu. Ɗanyen ganye irin na dankalin Hausa ko kabeji ina barinsa ya sha iska, kuma duk sabon abu kaɗan-kaɗan nake fara ba su. Ciyawar farkon damina idan aka tula musu lokaci guda, zawo take sa su, zawo kuwa shi ne babban mai kiran ƙuda.

Kejin ya zama a sama, ba a dandaɓe a ƙasa ba, a inuwa inda iska ke ratsawa. Ki riƙa kwashe abin da ya zuba a ƙasansa kullum, ki barbaɗa toka. Ni na kewaye nawa da ragar sauro irin ta taga, nesa kaɗan da inda bakinsu zai kai. Ki kula da mazubin ruwa ma, domin matan suna da tattarar fata a ƙarƙashin haɓa, idan tana jiƙewa kullum nan ma tsutsa na kamawa.

Amma duk wannan bai kai juya zomo ba. Safe da yamma, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ki ɗauki kowanne ki tallafe bayansa da kyau, ki leƙa ƙarƙashin bindi da tsakanin cinyoyi. Minti ɗaya ya isa. Zomo yana ɓoye ciwo, kafin ki ga ya kwanta abin ya yi nisa.

Kafin ku isa wurin likita, ki sa hantsaki ki cire waɗanda kike gani a fili, ki goge wurin a hankali da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki busar. Kada ki tsoma shi cikin ruwa gaba ɗaya. Don Allah kada ki saurari masu cewa a zuba kananzir ko fetur ko fiya-fiya, ƙona fatar za su yi, kuma zomo yana lasar jikinsa. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil yana kashe zomo. Haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin da danginsa idan aka ba shi ta baki, cikinsa yake lalatawa. Likita ne zai aske gashin, ya ciro waɗanda suka shige ciki, ya yi masa allurar da ta dace da maganin raɗaɗi.

Yau kafin duhu ki juya sauran ɗaya bayan ɗaya, ki raba su da kejin mara lafiyar har ki wanke shi ya bushe. In kin samu sarari ki faɗa mana abin da kike ba su da yadda kejin yake, mu duba tare inda danshin ke fitowa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zuciyar yaran.