Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Sigarin lantarki, a hana shi ko a ƙyale shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Na fi shekara ashirin ina shan sigari, kwali guda a rana wani lokacin ma har da ƙari, to yanzu ƙanina ya kawo min wannan sigarin lantarkin da ake yi wa caji ya ce in koma kansa zai fi min sauƙi, ita kuma matata ta ce wai ta ji ya fi sigarin ma illa har wasu ƙasashe sun haramta shi. Don Allah wanne ne gaskiya? Kar in yi gudun gara in faɗa gidan zago.
Daga wani magidanci

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙaninka ya fi kusa da gaskiya, amma uwargida ma ba ƙarya ta yi ba da ta ce an hana shi a wasu wuraren, za ka ga wannan a amsar da ke ƙasa.

Kaga abin da ke kashe mai shan sigari wutar ce. Da zarar ka ƙyasta ashana ganyen ya kama, hayaƙin da kake zuƙa yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji, ga kwalta da ke dasƙarewa a huhu ga iskar nan mai guba da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. Nikotin shi ne mai kama mutum ya hana shi dainawa, amma ba shi ne babban makashin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe kusan rabin waɗanda suka ƙi rabuwa da ita.

Shi na lantarkin ba ya ƙona komai. Batir ne ke zafafa wata 'yar waya, wayar ta dafa ruwan da ke ciki, wato gilisarin (wani ruwa mai kauri) da nikotin da kayan ƙamshi, sai ya zama tururi. Don haka dattin da ke shiga jiki ya ragu sosai. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce illarsa wajen kashi 5 ne cikin 100 na ta sigari, sai dai ni ba na son mutane su riƙe wannan lambar kamar karatu, domin ƙiyasin masana ne ba awo ba, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta caccaki yadda aka samo ta. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019 a kan mutum 886 masu son dainawa, bayan shekara guda kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba na lantarki sun bar sigari, waɗanda aka ba cingam ko filastar nikotin kuwa kusan kashi 10. Amma fa yawancin waɗanda suka bar sigarin da na lantarki har lokacin suna nan suna zuƙarsa, wato sun rabu da hayaƙi ba su rabu da nikotin ba.

Maganar ya fi sigari illa, ina zaton daga abin da ya faru a Amurka a 2019 ta samo asali, lokacin da aka kwantar da mutum wajen 2,800 a asibiti huhunsu ya lalace, 68 suka rasu. Da aka bi diddigi sai aka gano yawanci ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Ba ina wanke shi tas ba ne, idan wayar ta yi zafi da yawa tururin kan fito da sinadarai masu ƙona maƙogwaro da ɓurɓushin ƙarfe, kuma sai a 2003 wani mai haɗa magani ɗan China, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi, kaga ke nan har yau babu wanda ya shekara arba'in yana zuƙa balle a ga abin da ya zama da huhunsa.

Shawarata, in za ka koma to ka koma gaba ɗaya. Kara biyu da safe na lantarki da rana ba ya fisshe ka, ko sigari ɗaya tak a rana yana taɓa zuciya sosai. Ka ga likitanka tukuna, akwai magungunan dainawa, sannan ka sa wa shi ma na lantarkin ranar ajiyewa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ɗana ne mai shekara 16 na tsinci wani abu kamar biro a aljihun wandonsa yana ƙamshin alawa, ashe wai sigari ne, yaron da ko ashana bai taɓa riƙewa ba. Wlh raina ya ɓaci. Me ya sa gwamnatoci ba za su haramta abin nan kwata-kwata kowa ya huta ba?
Daga wata uwa

AMSA: Hajiya sannu, kina da gaskiyar jin haushi. Duk abin da na faɗa wa bawan Allahn can na sama bai shafi ɗanki ba, shi ba wata cuta yake gudu ba, sabuwa ce yake ɗauko wa kansa. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ta yara. An gani a Amurka, kamfanin Juul ya fito da nasa mai kama da filas na kwamfuta, mai ɗanɗanon mangwaro, nikotin ɗinsa ya kusan ninka sau uku abin da dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi, zuwa 2019 fiye da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban babbar sakandare suna zuƙar sigarin lantarki. Daga baya kamfanin ya biya jihohi ɗaruruwan miliyoyin daloli kan zargin yi wa yara talla.

Toh batun haramtawa, an yi ai. Brazil ta hana sayar da shi tun 2009, Thailand ta hana shigo da shi a 2014, a Singapore ko mallakarsa laifi ne tun 2018, Indiya ta bi sahu a 2019. Inda nake da ja shi ne a duk ƙasashen nan sigari na nan ana sayarwa da izinin hukuma. Yaya za ka rufe ƙofa ga wanda ya fi sauƙin illa ka bar ta a buɗe ga wanda kowa ya san yana kisa? Kuma hanin ba ya sa abin ya ɓace, 'yan fasa-ƙwauri ne ke karɓe kasuwar, su kuwa ba ruwansu da shekarun mai saye, ba kuma mai duba abin da suka ɗura a ciki. Ostireliya ta mayar da shi sai da takardar likita a 2021, a 2024 ta ce sai a kantin magani kawai, amma kasuwar bayan fage ta taba da na lantarki ta yi ƙarfin da har gungun ɓata-gari ke ƙona wa juna shaguna a Melbourne, ko da yake tsadar harajin taba ma na da babban hannu a wannan.

Masu goyon bayan hani suna da hujja fa, ba zan ɓoye ba, suna cewa a ƙasar da abin bai riga ya yaɗu ba gara a toshe tun kafin ya shigo, ballantana manyan kamfanonin taba su ne yanzu suka mallaki da yawa daga kayan, mutanen da suka shekara da shekaru suna musun cewa sigari na kawo ciwon daji. Wannan ba maganar banza ba ce. Ni dai na fi karkata ga abin da Birtaniya ta yi, ta bar wa manya masu son barin sigari, ta ƙayyade yawan nikotin, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18, sannan daga 1 ga Yunin 2025 ta haramta irin wanda ake zuƙa a yar, wanda shi ne yara suka fi so saboda arha da kalolinsa.

Shi kuma yaron, kar ki fara da duka ko tara masa mutane. Ki zaunar da shi ki tambaye shi tun yaushe, sau nawa a rana, kuma da ya tashi barci shi yake fara nema? In ya ce e, ko kika ga yana yawan fushi da ciwon kai idan bai samu ba, to ya riga ya kama shi, ƙwace biron kaɗai ba zai isa ba, ku je asibiti tare ke da mahaifinsa a tsara masa yadda zai rage har ya daina.