Amsar Gwaggo kan ciyawar komin Yesu

'Yata, na ga saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kafin lokacin Adbent, wato makonnin shirin Kirsimeti, ya shigo. Kin ce kina so ki ajiye wa yara komi babu komai a ciki, duk wanda ya yi aikin kirki ya sa tsinken ciyawa ɗaya don jariri Yesu ya samu wurin kwanciya mai laushi, sannan ki yi alkawarin babbar kyauta ga wanda ciyawarsa ta fi yawa. Komin dai ki ajiye, al'ada ce mai kyau. Alkawarin nan kuwa ki bar shi.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren lokacin da yayyenki suke ƙanana. Har takarda na manna a bango ina rubuta wa kowa lissafinsa. Makon farko gida ya yi lafiya lau, na ce na gano dabara. Ana shiga mako na biyu, babban ya fara zuwa karɓar ciyawa don ya rufe ƙofa. Wata safiya ina daga ɗaki na ji ƙanwarsa tana roƙonsa ya ɗaure mata igiyar takalmi, sai ya ce mata, "Bari Mama ta fito tukuna." Jikina ya yi sanyi. Ashe ciniki na koya masa. Ranar na yage takardar, na zuba ciyawar a kwando kusa da komin, na ce kowa ya sa tasa ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Shi ya sa nake son ki ba su labarin Waliyyi Nikolas ranar 6 ga Disamba, ranar tunawa da shi. Bishop ne na Mira, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4. Labarin da Ikilisiya ta gada ya ce wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin aurar da su. Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga, ya gudu kada a gane shi. Yara suna son wannan wurin na gudun, za ki ga suna dariya. Daga nan sai ki haɗa musu da maganar Yesu a Matiyu 6, cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake bayarwa.

Komin kansa ma yana da tarihi. Waliyyi Faransis na Asisi ne ya shirya shi a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223, da ciyawa da sa da jaki na gaske, don mutane su ga talaucin da aka haifi Ubangiji a ciki da idonsu.

Kada ki cika musu ayyuka, lokacin gajere ne. Yana farawa ranar Lahadi mafi kusa da 30 ga Nuwamba, Lahadi huɗu ne kacal, wata shekarar da kyar ya haura makonni uku. A coci Fada zai sa riga shunayya, ran Lahadi ta uku ya sa ruwan hoda don murna. In kuna kunna kyandirori huɗun nan na Lahadi huɗun a gida, ki bar ƙaramin ya riƙa hure su, babban ya kunna.

Abu ɗaya nake so ki nace a kai. Da jama'a suka tambayi Yohanna Mai Baftisma me za su yi, ya ce mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya; yana nan a Luka 3:11. To, ki sa kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya daga kayansa wanda har yanzu yake so, ya kai wa wani da hannunsa. Ban ce tsumman da ya gaji da shi ba, wannan shara ce aka kwashe. Zai yi kuka, wataƙila ya ɗauka ya mayar sau uku. Ki ƙyale shi, kada ki tsawata, kada kuma ki yi saurin cewa za ki saya masa sabo.

Ke da maigidanki ma ku riƙa sa taku ciyawar, don inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya take sha. Ranar da kika yi wa yaro faɗa ba da laifinsa ba, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce ya yi haƙuri. Na san da nauyi, ni ma sai da na tsufa na iya.

Siffar jariri Yesu da za a kwantar a komin kuma ki ɓoye ta sosai sai daren 24 ga Disamba, don na san halin autarki da bincike. Ki gaishe min da su duka, ki kuma faɗa min abin da babban ya zaɓa ya bayar.