Amsa ga mai son waƙoƙin Koriya da ake yi wa dariya a Yamai

Ƙanwata, na karanta tambayarki. Kin ce ke ɗalibar lise ce a nan Yamai, shekara biyu ke nan kina sauraren waƙoƙin Koriya, ƙawayenki sun laƙaba miki "matar Shinuwa", yayanki ya ce mazan da kike kallo ƴan daudu ne, wasu da ba ki taɓa gani ba kuma sun zage ki a TikTok. Kina tambaya ko ki ɓoye ko ki daina. Kafin ki yanke shawara, ki raba mutanen nan, don kowanensu da abin da ke damunsa, kuma amsar da za ta kwantar da ƙawa ita ce za ta tunzura baƙo.

Na ƙawaye ya fi sauƙi. Yawanci zolaya ce ta rashin sabo, kuma iri ɗaya take a ko'ina: a kwaikwayi yaren da "cin-can-cun", a ce duk fuskarsu ɗaya, a tambaye ki ko kina jin abin da suke faɗi. Wannan ta ƙarshen tana da amsa a gida. Iyayenmu sun yi shekaru suna haddace waƙoƙin fina-finan Indiya ba tare da sun ji Indiyanci ba, tun kafin a fara fassara su da Hausa, kuma ba wanda ya ce sun fita daga hayyacinsu. Maganar Shinuwa kuwa, ki gyara ta sau ɗaya cikin raha ki wuce: Koriya ta Kudu ƙasa ce daban da Sin, babban birninta Seul, yarenta daban, rubutunta ma daban, sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a 1443, yau haruffa 24 ne. Wanda ya ci gaba da kiran sunan bayan haka yana neman ya ga ranki ya ɓaci ne, in bai samu ba, mako biyu sun isa ya gaji.

Inda masu son waƙoƙin nan ke ɓata wa kansu shi ne wajen tusa wa mutane. A zauna ana hira, ki karɓe waya ki sa bidiyo biyar a jere, kina kiran sunayen mutum bakwai kina jiran a haddace. Ba mai jure wannan. In kina son ƙawa ta gane, bidiyo ɗaya ya isa, kuma ki zaɓi na gwajin rawa, wanda suke yi cikin ɗaki da tufafin gida, kyamara a tsaye wuri guda. A nan ake ganin aikin: ƙafa bakwai suna sauka lokaci ɗaya, layi ya watse ya sake haɗuwa ba wanda ya bangaji wani. Ko wanda ba ruwansa da waƙar yakan yi shiru ya kalla. In ta ce bai burge ta ba, ki bar ta, ki ma saurari nata.

Maganar yayanki ta fi nauyi, don kalmar da ya yi amfani da ita ba ƙarama ba ce a wurinmu, kuma ita ce aka fi jifan samari masu sauraren waƙoƙin da ita a fada. Hoda da jan baki da rinin gashi da yake gani kayan aikin dandamali ne, kamfani ke tsara su, kamar yadda ake shafa wa ɗan wasan dandalin soyayya hoda kafin a ɗauke shi. Ki tuna masa da Wodaɓe na ƙasarmu, can wajen Abalak da Ingal, yadda samari ke fente fuska su ja kwalli lokacin Gerewol, kuma ba mai shakkar mazantakarsu. Ki ƙara masa da cewa a Koriya ta Kudu aikin soja dole ne ga namiji lafiyayye, wata 18 a sojan ƙasa, kuma shahara ba ta fitar da mawaƙan nan daga ciki ba: Jin, babban ƴan BTS, ƙungiyar mawaƙa bakwai, ya shiga a Disamba 2022 ya fito a Yuni 2024. In mai kallon ƙwallo ne, tabbas ya riga ya ga ɗayansu, Jungkook, shi ne ya yi waƙa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Katar a 2022 tare da wani mawaƙin ƙasar. Ki faɗi wannan ku biyu, cikin ladabi. Kada ki yi a gaban abokansa, don ko ya gamsu ba zai nuna ba.

Iyaye ba ki ambace su ba, amma suna tafe, kuma su ne ya kamata ki fi kula da su. Inna ba ta damu da Koriya ko Sin ba. Abin da take kallo shi ne salla a kan lokaci, aikin gida, sakamakon lakwal, da irin shigar da ke bayyana a fuskar wayarki. A nan dole a faɗi gaskiya: cikin bidiyoyin akwai masu shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, akwai waƙoƙin da ma'anarsu ba za ki iya maimaita ta a gaban babba ba. Ki riƙa buɗe fassara kafin waƙa ta zauna miki a baki. A YouTube ki taɓa alamar CC, in babu Faransanci ki zaɓi fassarar inji, ba ta fita daidai amma tana nuna inda zancen ya dosa. Abin da ba za ki iya kallo Inna na zaune kusa da ke ba, ki bar shi. Batun hukuncin kiɗa kuma na malamai ne, in gidanku ana bin fahimtar da ta hana, kada ki ɗauko hujjar intanet ki yi jayayya da mahaifi.

Ga wani abu da ke kama ɗalibai da yawa. Koriya ta riga mu da awa takwas cif, duk shekara. Sabuwar waƙar da aka saki ƙarfe shida na yamma a Seul, ƙarfe goma na safe ne a Yamai, kina tsakiyar kilas. Wadda aka saki ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, biyar na asuba ce a nan. To daga nan ake samun waya a ƙarƙashin tebur, mushe ya kama, sirbeyan ya kira uba, shi ke nan a gida a ce waƙar Koriya ce ta lalata yarinya. Bidiyon yana nan bayan an tashi. Ƙungiyoyin magoya baya za su matsa miki ki kalla cikin awa 24 na farko, ki maimaita don a ƙara lissafi. Wannan gasar masu wifi a gida ce, ke kuma da kuɗin karin kumallo kike sayen forfe. Ki sauke ingancin hoto zuwa 360p, don 720p na cin mega fiye da ninki biyu, abin da kike yawan saurare kuma ki ajiye shi a waya sau ɗaya.

Baƙi na ido da ido ba su cika wuce kallo ba. A taksi ko faba-faba ki sa abin kunne, a layin asibiti ko gidan gaisuwa ki kashe gaba ɗaya. Baƙin intanet su ne masu haɗari, kuma kala-kala ne. Akwai mai zagi don a kula shi, maganinsa toshewa ba tare da amsa ko ɗaya ba, don kowace amsa tana ƙara tura bidiyon ga irinsa. Akwai faɗan magoya baya, ARMY masu son BTS da Blink masu son ƙungiyar Blackpink, wanda ba ya ƙarewa kuma ba ya ƙara miki komai. Akwai kuma, abin takaici, wasu magoya baya na waje da ke raina baƙar fata. Kada wannan ya sa ki ji ke baƙuwa ce a harkar, Fatou ta ƙungiyar Blackswan a Senegal aka haife ta. Kada kuma farin da kike gani a hotuna ya kai ki ga man bilicin, yawancinsa fitila ce da gyaran hoto, man kuma yana siranta fata ya bar tabo.

Wanda ya fi duka muni shi ne mai zuwa da daɗin baki. Ya buɗe shafi da hoton mawaƙi, ya ce shi ne ko manajansa, ko ya ce zai aiko miki da kaya in kin tura kuɗin hanya. Ba mawaƙin da ke rubuta wa masoyiya a ɓoye yana neman jikka biyar. Ki sani kuma duk rukunin WhatsApp da kika shiga, kowa a ciki yana ganin lambarki. Ki shiga Paramètres, ki taɓa Confidentialité, ki mayar da hoton fuskarki da izinin saka ki a rukuni zuwa Mes contacts. In za ki ɗauki rawa da ƙawaye, ku yi a cikin gida, ku ajiye a wayoyinku, kada kayan lakwal ko ƙofar gida ko wata alamar kartiye ta fito, kuma kada a tura bidiyon kowa sai da yardarta. Bidiyon da ya fita yau, kafin magariba yana iya kaiwa wayar kawunki a Tawa.