Tambaya da Amsa: An ba ni muƙamin manaja, amma zuciyata na kan rubuta manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniyan manhaja ne, kuma shekarata tara ke nan a wannan sana'a, huɗu daga ciki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi da ke Legas wanda nake yi wa aiki daga gida a Kaduna. Watanni uku da suka wuce aka naɗa ni manajan riƙo na rukunin injiniyoyi tara, yanzu kuma ana so in karɓi muƙamin dindindin tare da ƙarin albashi. Damuwata ita ce tun daga lokacin yinina yake ƙarewa a mitin, sai bayan sallar isha'i nake samun zama in rubuta wani abu, ga shi kuma biyu daga cikin mutanen sun girme ni, ina jin nauyin yi musu gyara. In na ƙi, ina tsoron a ce na raina ƙarin girma. Mene ne shawararku?
Daga wani mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, abin da aka miƙo maka canjin sana'a ne aka lulluɓe shi da sunan ƙarin girma. Ana auna injiniya da abin da hannunsa ya gina, shi kuwa manaja da abin da mutanensa suka gina ake auna shi, ko da shi kansa bai rubuta layi ɗaya ba duk wata. Wannan zaman da kake yi bayan isha'i alama ce ta cewa kana ƙoƙarin riƙe aiki biyu a lokaci guda, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya dage a kan haka yakan wayi gari aikin da ya ɗaukar wa kansa ya makara saboda mitin, sauran injiniyoyi kuma suna zaune suna jiran ya duba nasu kafin su ci gaba.

Yawan mitin ɗin ma yana da dalili na lissafi. Idan mutum biyar suna aiki tare, hanyoyin magana tsakanin kowane biyu guda 10 ne, amma ku da kuke goma har da kai, hanyoyin sun kai 45, kuma duk inda magana ta tsinke wajen manaja ake dawowa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya yi bayanin wannan tun a 1975, inda ya nuna cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi.

Kada kuma ka ɗauka aikin manaja zaman banza ne, kamar yadda injiniyoyi da yawa ke faɗa a bayan idon shugabanninsu. A 2002 kamfanin Google ya gwada soke muƙaman manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, amma cikin 'yan watanni aka dawo da su, domin ƙananan ƙorafe-ƙorafe da saɓanin ma'aikata duk sun koma kan Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Daga baya kamfanin ya gudanar da binciken da ya kira Project Oxygen, ya fitar da halaye takwas na manaja nagari, kuma ƙwarewar fasaha ce ta zo ta ƙarshe, yayin da iya horar da na ƙasa ya zo na farko. Wato abin da ya sa aka zaɓe ka ba shi ne zai riƙe ka a kujerar ba.

Batun waɗanda suka girme ka ya fi ɗaukar hankalina, domin tarbiyyar da muka taso da ita ta hana mu kallon babba mu ce masa aikinsa bai yi ba. Amma idan ka yi shiru kan kuskuren da zai iya taɓa kuɗin kwastoma, ka cuci kwastoman, ka kuma cuci shi dattijon da za a tuhuma daga baya. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a ware wa kowane mutum rabin awa a mako ko bayan mako biyu, daga kai sai shi, ka buɗe aikin a gabanku, ka tambaye shi me zai faru idan intanet ta yanke bayan an cire kuɗi daga asusu kafin saƙon tabbaci ya iso. Sau da yawa shi da kansa zai hango gyaran kafin ka furta. Gyara a gaban jama'a ne ke zubar da girma. Ka kuma shirya wa ɗaukar laifin da ba naka ba idan manhaja ta tsaya da tsakar dare, tunda babba juji ne.

Kafin ka ba su amsa, ka tambayi shugabanninka ko kamfanin yana da matakan ƙarin girma ga injiniyan da ba ya son shugabantar mutane. Manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft suna da wannan tsani na biyu, inda injiniya zai hau har ya kai darajar darakta ba tare da ya riƙe kowa ba, sai dai ƙananan kamfanoni da yawa ba su tanade shi ba, shi ya sa suke saka wa gwani da kujerar manaja. Idan babu, kana da damar neman a ƙirƙiro maka shi. Idan kuma ka ga kana son gwada shugabancin, ka nemi a rubuta maka a takarda cewa wa'adin gwaji ne na wata shida, wanda za ka iya komawa aikinka na da bayansa ba tare da an rage maka daraja ba, sannan a tsawon wa'adin ka sauke duk wani aikin rubutu da wasu ke jira, ka bar wa kanka ƙananan gyare-gyaren da ba su da gaggawa.