Filin Amsoshin Tambayoyinku: Kulob ɗin da ya riga kowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun yi gardama a majalisarmu kan kulob ɗin ƙwallon ƙafa mafi daɗewa a duniya. Wane ne shi, kuma me ya sa ba ma ganin sa a gasar Firimiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sheffield FC ne, na Ingila. Kada a haɗa shi da Sheffield Wednesday ko Sheffield United, waɗannan ƙannensa ne. Nathaniel Creswick da William Prest suka kafa shi ranar 24 ga Oktoba, 1857. 'Yan wasan kurket ne da ke neman abin motsa jini lokacin sanyi.

Da yake babu abokan karawa, sai su raba kansu gida biyu: magidanta a gefe, gwauraye a gefe, ko kuma a raba bisa harafin farko na suna. Dokokin da suka rubuta a 1858 sun yarda a cafe ƙwallo da hannu kafin ta taɓa ƙasa, a kuma ture mutum, amma sun hana taɗiya da harbin ƙauri. Kowane ɗan wasa sai ya tanadi hula ja da shuɗiya, da su ake bambance ɓangarorin.

Sai a 1860 aka kafa Hallam FC, wani kulob a birnin Sheffield, suka kara ranar 26 ga Disamba a filin Sandygate, Sheffield ta ci 2-0.

Abin da ya hana shi ɗaukaka kuwa, kuɗi ne. A 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta halatta biyan 'yan wasa albashi, Sheffield ta ce ita dai sha'awa ta kawo ta. To, ma'aikacin masana'anta da zai bar aikinsa ranar Asabar, ai inda za a biya shi zai tafi. Haka gwanaye suka watse, 'yan kallo suka bi su, kuɗin ƙofa ya bi 'yan kallo. A ganinmu nan ne aka bar su a baya, ba a filin wasa ba.

Sun ɗauki kofin FA Amateur Cup, na 'yan wasan da ba a biyan su albashi, a 1904 bayan doke Ealing 3-1. A 2004 FIFA ta ba su lambar girmamawa ta Order of Merit tare da Real Madrid. A 2001 suka koma wasa a Dronfield, kusa da birnin Sheffield, kuma a ƙananan rukunan gasar Ingila suke wasa.